TEBURIN MADMAZEL

Shafi na 17

Jama'a, talhona ya kusa fashewa da saƙonninku tun jiya. Masu cewa na cika rowa, na ji. Wadda ta ce Gwaggo Kulu ta sa ta dariya har ta ƙware da fura, Allah ya ba ki lafiya. Ga sababbin shigowa kuma: Husaina, 'yar Tirmini mai ɗinkin jakunkunan fata a Damagaram, ita ta zo ta ɗaya a baje kolin sana'o'in mata na Yamai. Ta je da Gwaggo Kulu, yayar babanta da ta raine ta, da ƙawarta Munira. Munira ta rantse ba za su hau kar, babbar motar haya, su koma gida ba sai sun ci abinci a inda manya suke ci.

*

Taksi ya tsaya a bakin wata doguwar ƙofa mai furanni.

Gwaggo Kulu ta leƙo ta taga.

"Nan ne?"

"Nan ne, Gwaggo."

"Munira, ki ji tsoron Allah. Wannan ai gidan gwamna ne."

"Resitora ne! Lambun Isa. Kullum ina ganinsa a talho."

"Gidan tuwo da mai gadi har da hular soja?"

Husaina dariya kawai take. Tun safe bakinta ya ƙi rufuwa. Ta gyara sabuwar lafayarta ruwan zuma, ta rataya jakar da ta ci mata gasa, ta fito.

Mai gadin yana ganinta ya ƙame.

"Bonjur, Madmazel! Yau da taksi?"

Husaina ta waiwaya bayanta. Ba kowa.

"Da ni kake?"

Ya yi dariya, ya wangale ƙofa.

Munira ta damƙi hannunta har sai da ta ji zafi.

"Sun gan ki!"

"A ina?"

"A talabijin mana! Ba jiya aka nuna ki kina karɓar kofi ba? Husaina, kin zama babbar mutum!"

"Ke dai Munira!"

"Wallahi! Daga yau sai na nemi izini kafin in gaishe ki."

Ƙofar gilashi ce a gaba. Kafin su taɓa ta, ta buɗe da kanta.

Gwaggo ta ja baya.

"A'uzu billahi. Wa ya buɗe?"

"Ita ta buɗe kanta, Gwaggo."

"To salamu alaikum," Gwaggo ta ce wa ƙofar, ta shige da sauri kafin ta canza ra'ayi.

Sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya dake su. Ƙamshi ko'ina. Fitilu suna reto daga sama da rana tsaka. Gwaggo ta ga kafet ja, ta sunkuya za ta tuɓe takalmi.

"Gwaggo, a'a!"

"In taka wannan da takalmin da na shiga tasha da shi? Ba a haife ni a daji ba."

Wani mutum ya taho da sauri, dattijo-dattijo, farar riga da baƙin wando, gemunsa ya fara furfura. A ƙirjinsa an rubuta Habu. Shi ne shugaban masu kawo abinci.

"Madmazel! Barka da zuwa. Lafaya yau? Ta yi miki kyau ƙwarai."

"Na gode," Husaina ta ce, kunya ta kama ta.

"Baƙi kika kawo mana? Hajiya, sannu da zuwa. Bar takalminki, gidanku ne. Teburinki na nan a sama, Madmazel, ba wanda ya taɓa shi."

Munira ta raɗa mata a kunne.

"Kin ji? Teburinki!"

"Ni ban ce a ajiye mini tebur ba."

"Manya ba sa cewa. Ajiye musu ake."

Suka hau bene. Da suka fita baranda, su ukun suka tsaya cak.

Kogin Isa ne shimfiɗe a gabansu, yana walƙiya. Ga kwale-kwale, ga masunta, ga gada can nesa motoci suna bi kamar tururuwa.

Gwaggo ta dafa ƙirji.

"Duk wannan ruwa ne?"

"Ruwa ne, Gwaggo."

"Yana wucewa haka kawai? Ba mai tare shi?"

"Ba mai tarewa."

"Mu muna Damagaram muna bin 'yan garuwa da roƙo. Allah mai iko!"

Habu ya ja wa Husaina kujera. Ya ja wa Gwaggo ma. Gwaggo ta riƙe kujerar gam.

"Malam, ina za ka kai ta? Zama zan yi."

Munira ta kifa kai a tebur don dariya. Ta ɗaga talho ta fara bidiyo.

"'Yan Birni, 'yan Kara-Kara, 'yan Sabon Gari, ku gan mu! Ga gwarzuwar Yamai, ga Gwaggonta, ga ni!"

"Sauke abin nan," in ji Gwaggo. Amma sai da ta gyara ɗaurin kallabi.

Ta dubi gabanta. Cokula iri-iri, wuƙaƙe, kofuna uku.

"Mutum nawa za su zauna a nan?"

"Ke kaɗai."

"Baki ɗaya gare ni, 'yar nan."

Ba su ce a kawo komai ba, sai ga Habu da dogon kofi mai raɓa. Ya ajiye gaban Husaina.

"Tsamiya da citta, ba sukari. Kamar kullum."

Husaina ta ɗago.

Duk gidansu an san ta da wannan. Ba ta shan tsamiya da sukari, tun tana ƙarama.

"Wa ya faɗa maka?"

"Haba, Madmazel," ya ce yana murmushi, ya juya.

"Munira, kin ji? Ya ce kamar kullum."

"Haka suke magana a manyan wurare. Sha abinki."

Ta sha. Ya yi daɗi har cikin kai. Ta manta da maganar.

Aka kawo faranti na farko. Faffaɗa ne kamar faifai, a tsakiyarsa ɗan abu kore, an ɗiga masa miya a gefe kamar zane.

Gwaggo ta leƙa.

"Sun manta sauran?"

"Buɗe ciki ne wannan, Gwaggo. Abincin na tafe."

Ta ɗiba da yatsa ta kai baki. Ta tauna. Ta tsaya.

"Zogale!"

"Shiii, Gwaggo!"

"Zogale ne da ƙuli! Munira, tun daga Damagaram kika ɗauko ni, kwana muka yi a mota, don in ci zogale da cokali uku? Wanda awaki suke ci a bayan gidanmu?"

Wasu masu kwat a teburin gefe suka juyo suna dariya. Gwaggo ta ɗaga musu hannu.

"Sannunku. Ku ma zogalen aka ba ku?"

Husaina ta rufe fuska da lafaya, hawayen dariya na zuba.

Amma da giwan ruwa ya iso, gasasshe, yana tururi, da soyayyen dankali da wata farar miya mai ƙamshin tafarnuwa, Gwaggo ta yi tsit. Ta ture cokulan gefe. Ta naɗe hannun riga. Ta yi bismillah.

Sai da ta ci rabi ta yi magana.

"Wanda ya dafa wannan, Allah ya kai shi Makka."

"Amin!"

"Munira, na yafe miki zogalen."

Husaina ta jingina da kujera tana kallon kogi. Iska tana kaɗa lafayarta. Ita ce yau a nan. Ita da ta fara da ɗinkin ɗan zabira a zauren Gwaggo, basilla tana huda mata yatsu.

"Gwaggo."

"Na'am."

"In na buɗe shagona, sai na dawo da ke nan. Har da Baba."

"Babanki? Mamman ba zai bar gonarsa ya zo cin zogale ba. Amma ki gwada."

Aka kawo gilas, daskararriyar madara mai zaƙi da sanyi, launi uku. Gwaggo ta cika cokali ta zuba a baki gaba ɗaya.

"Wayyo haƙorana!"

"A hankali ake sha!"

"Me ya sa ba ku faɗa ba? Miƙo mini naki in sake gwadawa."

Da Habu ya zo kwashe faranti, Gwaggo ta kira shi da hannu. Ta fara kwance bakin zanenta.

"Malam Habu, mun ci mun ƙoshi, mun gode. A faɗa mana abin da za mu bayar."

Habu ya yi dariya sosai.

"Hajiya, kina so a kore ni? Madmazel ta biya a gidan ubanta?"

Husaina ta ajiye cokali.

"Gidan wa?"

"Gidan patoro mana, mai wurin nan. Babanki."

"Malam, babana yana Tirmini. Manomi ne. Ko Yamai bai taɓa zuwa ba."

Habu ya ƙara fashewa da dariya.

"Tirmini! Kai, yau da wasa kika zo. Har da Hausar Damagaram kika koyo. Madmazel Hassana ke nan!"

Cokalin Gwaggo ya faɗi ƙasa.

Ƙararsa ta cika barandar.

"Me ka ce?" Muryar Gwaggo ta canza.

"Hajiya?"

"Sunan da ka kira. Sake faɗa."

"Madmazel Hassana. 'Yar patoro."

Munira ta sauke talho a hankali.

"Sunana Husaina," ta ce. "Hassanata ta rasu. Tun muna jarirai."

Dariyar Habu ta ɗauke. Ya matso. Ya dubi fuskarta. Ya dubi hannuwanta, yatsun da basilla ta yi wa kanta. Ya ja baya.

"La'ilaha illallahu."

"Malam, yi magana!" in ji Munira.

"Shekara da shekaru ina kawo wa yarinyar nan abinci. A gabana ta girma. Wallahi ko uwar da ta haife ku..." Ya kasa ƙarasawa.

Husaina ta juya.

"Gwaggo."

Gwaggo ta kau da kai.

"Gwaggo, ki dube ni. Ba ke kika ce mini ta mutu ba?"

"Ta mutu."

"Kin ga gawarta?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo!"

"Ban gani ba." Da ƙyar maganar ta fito. "Shekarar fara ce. Ba gero, ba nono. Uwarku ta rasu ko arba'in ba ku yi ba. Hassana ta kama zawo. Ni ina riƙe da ke, babanku yana kwance da zazzaɓi. Sai ƙaninmu Ɗanƙarami ya ce zai kai ta asibiti a birni. Lokacin yaron mota ne."

"Sai me?"

"Ya dawo da zanen goyonta kawai. Ya ce ta cika a hanya, an yi mata sutura a can. Muka yi zaman makoki. Ni da hannuna na toya wainar sadaka."

"Shi Ɗanƙaramin yana ina?"

"Bayan sadakar ya ce zai tafi Libiya. Ko saƙo bai sake aikowa ba. Mun ɗauka sahara ta cinye shi."

Munira ta juya ga Habu.

"Patoron naku, ya sunansa?"

"Alhaji Sulaiman."

Gwaggo ta riƙe bakin tebur.

"Sunan yanka na Ɗanƙarami ke nan."

"Sulaiman dubu ne a Yamai, Gwaggo," Munira ta ce. "Kada mu..."

Hon ɗin mota ya katse ta.

Habu ya leƙa ƙasa. Ya share zufa, duk da iskar kogi.

"Ga su nan."

Husaina ta miƙe. Ta isa bakin baranda.

Farar mota ce doguwa. Mai gadi ya buɗe ƙofar baya. Wata budurwa ta fito, doguwar riga baƙa, ɗan mayafi, baƙin tabarau ya rufe rabin fuskarta.

Mai gadin ya dube ta. Ya ɗaga kai ya dubi baranda. Ya sake dubanta. Hularsa ta kusa faɗuwa.

"Munira, riƙe ni."

"Ina riƙe da ke."

"Tafiyata ce. Dubi yadda take jefa ƙafa. Tafiyata ce!"

Ƙarar takalmi a matakala.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Muryar ta riga ta isowa.

"Habu! Me ya sami mai gadi yake kallona kamar ya ga aljana? Kuma wa ka ba teburina?"

Muryar Husaina ce. Faransanci ya ɗan lanƙwasa ta, amma ita ce.

Budurwar ta fito baranda. Ta cire tabarau.

Ta tsaya.

Tabaran ya zame daga hannunta.

Ba wanda ya motsa. Masu kwat sun daina ci. Wata mata ta ce "Ikon Allah!" da ƙarfi.

Ido iri ɗaya. Hanci iri ɗaya. Har 'yar wushiryar.

Budurwar ta ɗaga hannu ta taɓa kumatunta, kamar tana so ta tabbata fuskarta na nan inda ta bar ta.

"Wace ce ke?"

Husaina ta buɗe baki. Sai hawaye, sai kuma wata dariya da ba ta san daga ina ta zo ba.

"Hassana?"

"Wa ya faɗa miki sunana?"

"Ni ce Husaina."

"Ba ni da Husaina. Papa ya ce ta mutu ranar da aka haife mu."

"Ni ma haka aka ce mini. Aka ce ke kika mutu."

Hassana ta yi taku ɗaya. Husaina ta yi taku ɗaya. Hassana ta miƙo yatsa, a tsorace, ta taɓa goshin Husaina.

"Da zafi," ta ce a hankali. "Mutum ce. Habu, mutum ce!"

Munira tana kuka tana tsalle wuri ɗaya.

"Ku rungumi juna mana! Wayyo Allah, ku rungumi juna!"

Kafin su kai ga haka, wata murya mai kauri ta taso daga matakala.

"Hassana, me ake yi a nan? Me ya tara mutane?"

Babban mutum ne, shadda fara tana ɗaukar ido, agogon zinariya, talho biyu a hannu. Ya hawo yana haki.

Ya ga 'yan mata biyu.

Ya tsaya a matakalar ƙarshe.

Gwaggo Kulu ta tashi. Kujerarta ta kife a bayanta.

"ƊANƘARAMI!"

Duk barandar ta amsa.

Alhajin ya gyara hula.

"Pardon, Madam. Kin yi kuskure. Ban san ki ba."

"Ba ka san ni ba?"

"Habu, raka baƙin nan..."

"Ni ce Madam? Ni da na goye ka har bayana ya yi kanta? Cire hular nan! Cire ta mutane su ga tabon da ke bayan kunnenka, na ranar da ka faɗa murhun Inna!"

Hannunsa ya tafi bayan kunne da kansa. Ya yi saurin saukewa. Amma kowa ya gani.

"Papa?" Hassana ta ce. "Papa, wace ce wannan matar?"

Bai dube ta ba.

"Yaya Kulu," ya ce can ƙasa. "Ki rufa mini asiri. Mu shiga buro, ofishina, mu yi magana."

"Ba inda za ni! A gaban mutane ka zo mana da zanen goyo, a gaban mutane za ka amsa. Ina kabarin da ka ce? Wa muka yi wa sadaka? Wa na yi wa kuka har idona ya kumbura?"

"Yaya..."

"Ka saci 'yar ɗan'uwanka, Ɗanƙarami! Uwarta ko sanyi ba ta yi a kabari ba!"

Hassana ta ja baya har ta bugi tebur. Husaina ta tare ta. Hannuwansu suka sarƙe, ba wadda ta saki.

"Papa, ka ce ƙarya take."

Alhaji Sulaiman ya cire hular. Zufa na bin wuyansa.

"Ban sace ta ba."

"To tashi ta yi ta bi ka?"

"Ba ni ita aka yi."

"Wa ya ba ka?"

Ya ɗago ya dubi Husaina, karo na farko.

"Mamman. Da hannunsa ya ɗora mini ita. Shi ya ba ni zanen. Shi ya ce in dawo in ce ta mutu."

"Ƙarya ne!" Husaina ba ta san ta yi ihu ba. "Babana? Babana da ko sunanta aka ambata sai ya tashi ya bar wurin? Ƙarya kake!"

"Kina da talho. Kira shi."

Gwaggo ta dube ta.

"Husaina, bari mu koma masauki tukuna."

"A'a, Gwaggo."

Ta zuge jakarta. Sau biyu tana kuskure lamba. Ta danna, ta buɗe murya kowa ya ji, ta ajiye talhon a tsakiyar tebur, kusa da gilas ɗin da ya narke.

Ya yi ƙara.

Ya sake yi.

Aka ɗauka. Ana jin kukan awaki a bayansa.

"Salamu alaikum! Usainata mai kofi! Duk Tirmini maganarki ake. Yaushe za ku taso?"

Husaina ta dubi 'yar'uwarta. Hassana ta toshe baki da hannu.

"Baba."

"Na'am, uwata. Me ya sami muryarki?"

"Baba, ga Hassana a gabana. Tana riƙe da hannuna."

Awakin ma kamar sun yi shiru.

"Baba, kana ji na?"

Numfashinsa kawai ake ji, sama-sama.

Da ya yi magana, ba muryar da ta sani ba ce.

"Ɗanƙarami yana wurin?"

"Yana nan."

"Yana jin mu?"

"Yana ji, Baba."

"Husaina, saurare ni da kyau. Kada ki tambaye ni komai. Ki kama hannun 'yar'uwarki da na Gwaggonki, ku fita daga gidan nan. Yanzu. Kada ku shiga motarsa."

Husaina ta ɗago kai.

Alhaji Sulaiman ya riga ya tare bakin matakala.